Ra'ayinmu: Faɗakarwa Kan Shaye-shaye a Makarantu, Ana Yi, Amma Tana Hanawa?

Duk mai ɗa ko 'ya a sakandare a Kazaure, Babura, Roni ko Gwiwa a jihar Jigawa ya san yadda ranar faɗakarwa kan shaye-shaye take gudana. A tara ɗalibai a filin asambuli tun da hantsi, 'yan aji ɗaya a gaba, manya a baya. Jami'in hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya miƙe cikin kakinsa ya lissafo wiwi da tiramol da kodin da sholisho da madarar sukudaye, ya bayyana yadda kowanne ke lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, wani lokaci har da hoton matashin da ya zare yana kwana a bola. Malamin addini ya ɗora da nasiha, shugaban makaranta ya yi godiya, a ɗauki hoto a gaban ƙyalle mai rubutu, a koma aji. Awa ɗaya ko biyu ke nan, sai kuma baɗi in Allah ya kai mu.

Irin wannan taro ya yawaita tun da aka ƙaddamar da gangamin yaƙi da shan miyagun ƙwayoyi na WADA a ranar 26 ga Yunin 2021, watanni kaɗan bayan naɗa Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya shugaban hukumar. A Yulin 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa da Marwa suka amince a sake duba manhajar sakandare don faɗaɗa darasin miyagun ƙwayoyi, a kuma soma gwajin ƙwaya a manyan makarantu. Tun da za a ƙara zuba lokaci da kuɗi a wannan hanya, ya dace a tsaya a yi tambayar da ba kasafai ake yin ta a wurin taro ba: yaron da ya saurari laccar, ya fi wanda bai saurara ba tsira daga ƙwaya bayan shekara uku ko biyar?

Girman matsalar ba abin musu ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun taɓa wani nau'in ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba sigari. Miliyan 10.6 masu wiwi ne, miliyan 4.6 masu tiramol da danginsa, miliyan 2.4 masu maganin tari. Shiyyar Arewa maso Yamma ta tashi da kashi 12, Kano da kashi 16, Jigawa kuma ƙasa da haka. Sai dai iyakar jiha ba katanga ba ce. Kazaure na kan titin Kano zuwa Daura, Babura na maƙwabtaka da Ɗambatta da Baure, Roni da Gwiwa sun jingina da Katsina, iyakar Nijar kuma ba ta da nisa. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shanye kwalbar kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba, amma shi da fim ɗin da BBC ta nuna a ƙarshen Afrilun 2018 suka tura gwamnatin tarayya hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a farkon Mayun wannan shekara.

Masu goyon bayan faɗakarwar makaranta suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Babu wani wuri a garuruwa irin su Amaryawa ko Kanya Babba da za a sami yara ɗari uku a zaune lokaci guda, suna da rajista da malamai, in ba makaranta ba. Kuɗin da za a kashe kaɗan ne idan aka kwatanta da jinyar mutum ɗaya a asibitin masu taɓin hankali da ke Kazaure. Suna kuma tunatar da mu cewa jahilci a wannan fage gaskiya ne. Wiwi kowa ya san sunanta da warinta, amma tiramol a kemis ake samun sa, cikin kati mai tsabta, kuma yaro da yawa na ɗaukar abin da ya fito daga kemis magani ne kawai. Bai san ƙarfin da hukuma ta amince da shi miligiram 50 ne da 100 ba, alhali wanda ke yawo a tasha mai 225 ne, wanda kan jefa mutum farfaɗiya ko ya tsayar masa da numfashi. Yarinyar da aka miƙa wa lemo a gidan biki ba ta san abin da aka zuba a ciki ba, kuma binciken 2019 ya nuna cikin masu shaye-shaye huɗu ɗaya mace ce. Haka nan binciken ya gano cewa a matsakaici ana fara wiwi ne a shekara 19, wato makaranta na riƙe da yaro kafin lokacin ya zo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji su, kuma ko ba komai taron na karya shirun da iyaye da malamai suka daɗe suna yi a kan abin da suke gani da idonsu.

Ɗaya ɓangaren kuwa hujjarsa daga inda aka riga mu gwadawa ta fito. A 1983 'yan sandan Los Angeles a Amurka suka ƙirƙiro shirin D.A.R.E., inda ɗan sanda cikin kaki ke shiga aji har sau 17 yana koya wa yara illar ƙwaya da yadda za su ce a'a. Shirin ya samu karɓuwar da ba a taɓa gani ba, ya shiga kusan kashi 75 cikin ɗari na gundumomin makarantun ƙasar, iyaye na so, 'yan siyasa na so, yaran ma na so. Da aka zo aunawa sai labari ya sha bamban. Wani nazari da aka buga a 1999 ya bi kimanin ɗalibai 1,000 a jihar Kentucky tsawon shekara goma, ya tarar babu bambanci wajen shaye-shaye tsakanin waɗanda suka yi shirin da waɗanda ba su yi ba. A 2003 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya duba nazarce-nazarce shida masu dogon zango, ya zo da magana ɗaya. A 2009 masu shirin da kansu suka ajiye tsohuwar manhajar suka ɗauki wata. Idan darasi 17 bai motsa komai ba, da wuya a sa rai da awa ɗaya a shekara.

Ƙa'idojin rigakafi na duniya da UNODC ta fitar a 2013, ta kuma sabunta tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018, sun jera hanyoyin da aka gano ba sa haifar da sakamako, ko ma suna ɓatawa. A ciki akwai dogaro da lacca, da ba da bayani zalla musamman don tsoratarwa, da kawo tsohon ɗan ƙwaya ya ba da labarin rayuwarsa, da tsayawa a kan jan hankali game da tarbiyya kaɗai. Wanda ya karanta jerin zai ga kamar ajandar taron filin asambuli aka kwafa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san matasa. Yaro ɗan shekara 15 a Kanti da ke Kazaure ya san mai lodin buhu ko ɗan acaɓan da ke haɗiyar tiramol kullum da shayin safe, kuma yana ganin sa lafiya lau, har ya yi aure. Idan aka ce masa duk wanda ya taɓa zai haukace, sai ya auna maganar da abin da idonsa ke gani, ya yanke cewa manya na ƙara gishiri, daga nan har gaskiyar da ke cikin jawabin ta bi ruwa. Idan mai jawabi ya yi ta nanata cewa matasan yanzu duk sun lalace, abin da ke shiga kunnen yaro shi ne kowa na yi, shi kaɗai aka bari a baya, alhali ko a ƙiyasin da ya fi muni mafi yawan tsararsa ba sa sha. Jerin sunaye da bayanin yadda kowace ƙwaya ke sa mutum ji kuwa, ga wani yaron tsoro ne, ga wani ɗanɗano ne aka ba shi. Sannan ranar da za a miƙo masa abin, ba baƙo mai jajayen idanu ne zai miƙo ba. Abokinsa ne, a majalisa ko a wurin biki, yana dariya yana cewa ashe har yanzu ɗan Hajiya ne. Ilimin illar ƙoda ba ya ba da amsar wannan gori. Shi ya sa ɗalibi kan iya cinye makin tambayar shaye-shaye a jarrabawar darasin zama ɗan ƙasa nagari, inda batun ya daɗe a manhaja, ya fito ya wuce inda ake sayarwa.

To amma wanda ya ɗauki wannan ya ce makaranta ba ta da abin yi, shi ma ya zarce. Binciken da ya kayar da lacca shi ne kuma ya nuna akwai darasin da ke aiki. Shirin Unplugged, wanda aka gwada a ƙasashen Turai bakwai a tsakiyar shekarun 2000 kan ɗalibai kusan 7,000 'yan shekara 12 zuwa 14, darasi 12 ne da malamin ajin da kansa ke koyarwa bayan an horar da shi. An ga raguwar maye da giya da yawan shan wiwi, kuma raguwar ta ɗore har bayan wata 18, ko da yake tasirinsa kan taba ya dusashe. An kawo shi Nijeriya da tallafin Tarayyar Turai, aka gwada a makarantun gwamnatin tarayya 32 tsakanin 2015 da 2016, aka raba su gida biyu da ƙuri'a don a kwatanta, aka buga sakamakon a 2021. An sami raguwa, kuma inda ta fi fitowa fili shi ne shan giya.

Bambancin irin wannan darasi da lacca yana cikin abin da yaro ke yi da bakinsa. Malam zai raba aji ƙungiya-ƙungiya, ya ce wannan ya zama aboki mai tayi, wancan ya ƙi karɓa ba tare da faɗa ba, ba kuma tare da ya zama abin dariya ba. A gwada, a yi dariya, a sake, har yaro ya sami kalmar da ta zauna a bakinsa. A wani darasin malam zai ce kowa ya rubuta, cikin tsararku ɗari nawa ne ke sha? Yara su rubuta adadi mai yawa, sai ya rubuta ainihin adadin a allo, su ga ashe masu ƙi su ne suka fi yawa. Ana koyon yadda ake hucewa daga fushi, yadda ake shiga sabbin abokai, yadda ake yanke shawara. Sunan ƙwaya kan zo, amma ba shi ne jigo ba.

Ko wannan ma sai an yi masa adalci. Tasirinsa matsakaici ne. Yana rage adadi, ba ya share matsala. Giya, inda aka fi ganin nasara a gwajin Nijeriya, ba ita ce babbar damuwar jihar da ke bin shari'ar Musulunci tun 2000 ba. Damuwarmu ƙwaya ce da wiwi da abin shaƙa, don haka sai an sake gina misalan a kan abin da yaranmu ke gamuwa da shi, cikin Hausa. Kuma makarantar tarayya, irin kwalejin 'yan mata ta tarayya da ke Kazaure, ba ɗaya take da makarantar jeka-ka-dawo a ƙauyen Gwiwa ba, inda malami ɗaya kan riƙe darussa uku, aji kuma ya cika har bakin ƙofa. Wasan kwaikwayo na ƙungiya-ƙungiya a irin wannan aji sai an yi dabara. Malamin da aka ba littafi ba horo, komawa zai yi ya karanta shi daga kan tebur, an dawo lacca ke nan da sabon suna.

Akwai kuma abin da ya fi duk wannan nauyi a yankinmu. Yaran da suka fi kusa da haɗari da yawansu ba sa filin asambuli ranar da aka zo. UNICEF ta daɗe tana ƙiyasta yara miliyan 10.5 'yan shekarun firamare da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Wanda ya bar karatu daga aji shida yana tasha, yana kasuwa, yana gonar rani, ko ya tafi ci-rani Kano ko Legas. Shi kuwa ba don nishaɗi ya fara tiramol ba. Don ya yi noman kwana biyu a yini ɗaya ne, ko ya kwana a kan babur. A wurinsa ƙwaya kayan aiki ce, kuma ubangidan da ya ɗauke shi aiki wani lokaci shi ke saya masa. Ga kuma lokacin zaɓe, da ake raba wa 'yan jagaliya abin da kowa ya sani a bayan mota, kuma 2027 na ƙaratowa. Ba adalci ba ne a ɗora wa malamin aji alhakin warware abin da kemis marar lasisi da ɗan siyasa da talauci suka ƙulla.

Ana yawan kawo misalin Iceland, kuma ya cancanci a kawo shi. A 1998 kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 a ƙasar sun ce sun bugu da giya a watan da ya wuce. A 2016 adadin ya sauko kashi 5, masu shan taba kullum kuma daga kashi 23 zuwa 3. Ba da ƙarin jawabi suka kai ga haka ba. Sun hana yara yawon dare, sun sa iyaye sun yi alkawari a tsakaninsu kan sa ido da zama da 'ya'yansu, sun zuba kuɗi a wasanni da sana'o'in bayan makaranta, sannan suna raba wa ɗalibai takardar tambayoyi a kai a kai suna mayar wa kowace unguwa sakamakonta. Iceland ƙasa ce mai arziki da mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, kuɗinta ba namu ba ne. Amma yarjejeniyar iyaye, da sanin inda yaro yake bayan isha'i, da filin ƙwallo mai babba a kai, waɗannan mai unguwa da dagaci sun fi ma'aikatar ilimi iko da su.

A kan wa'azi, ba mu tare da masu cewa a ajiye shi gefe don wani rahoto ya ce jan hankali kaɗai bai isa ba. Kalmar da ke da nauyi a nan ita ce "kaɗai". A garuruwan nan addini ne babban dalilin da ke hana mafi yawan matasa taɓa abin maye, kuma Islamiyya da makarantar allo na kaiwa ga yaran da boko bai kai gare su ba, har da 'yan mata da matan aure. Hukuncin haramci kowane yaro ya san shi. Abin da ya rage shi ne malamin Islamiyya ma ya sami horon da zai koya wa almajirinsa yadda zai tsaya a kan abin da ya sani lokacin da abokai suka taru a kansa.

Gwajin ƙwaya da ake shirin faɗaɗawa kuwa muna ba da shawarar a bi shi a hankali kafin ya gangaro sakandare. Ƙa'idojin da muka ambata sun sa gwajin ba-zata cikin abubuwan da ba a ga amfaninsu ba wajen rigakafi. A gari kamar Roni, inda kowa ya san kowa, sakamakon yarinya ɗaya in ya fita zai bi ta har ɗakin aurenta. Kuma idan abin da ke biyo bayan gwaji kora ce, to an cire yaro daga wuri ɗaya tilo da ake sa masa ido an miƙa shi ga tasha. Makarantar da ta kama ɗalibi ta fara da kiran iyaye a asirce da tura shi wurin ma'aikacin lafiya, kora ta zama ta mai sayarwa.

Hukuncinmu shi ne a ci gaba da koyar da yara game da miyagun ƙwayoyi a makaranta, amma a daina ƙirga taron shekara-shekara a matsayin rigakafi. Yana ƙara sani, yana tayar da magana, iyakarsa ke nan. Jami'an NDLEA su ci gaba da zuwa, sai dai sun fi amfani a gaban malamai da iyaye da masu kemis, waɗanda ke bukatar sanin sabon abin da ya shigo kasuwa da alamomin da ake gane yaro da su. Aji kuwa a bar wa malamin da yaran suka sani, a horar da shi, a ba shi darasi goma sha biyu ko makamancin haka a jadawalin ƙaramar sakandare, a sake waiwayar su a babbar sakandare kafin yara su watse. Idan kuɗin Ma'aikatar Ilimi ta Jigawa bai isa duka ba, horon malamai ya riga ƙyalle da riguna da kuɗin zama.

Yankin nan na da abin da ake bukata don a gwada a gani. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, akwai jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura a 2021, akwai ma'aikatan asibitin ƙwaƙwalwa da ke ganin ƙarshen lamarin kullum. Kazaure da Roni da Gwiwa na ƙarƙashin masarautar Kazaure, Babura na ƙarƙashin Ringim, kuma majalisun masarautun biyu na iya buɗe ƙofar tsangayu da ƙungiyoyin tasha da takardar ma'aikata ba za ta buɗe ba. A zaɓi makarantu a ƙananan hukumomin huɗu, a raba wa ɗalibai takardar tambayoyi da Hausa wadda ba a rubuta suna, wasu makarantun su fara sabon darasin bana, wasu su jira baɗi, sannan a sake tambaya. Adadin taruka da adadin ɗaliban da suka halarta, waɗanda su ake kai wa Dutse da Abuja a rahoto, ba sa nuna ko yaro ɗaya ya fasa sha. Sakamakon a karanta shi a gaban hakimai da ƙungiyar iyaye da malamai, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, kuma shirin da bai nuna bambanci ba bayan shekara biyu a gyara shi ko a ajiye shi.